Gidan rediyon cocin Manila da ya cika titi da mutane a 1986

Malam Sani Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar zauren masu sauraro. Jiya da daddare na ɗauko tsohuwar rediyon mahaifina, irin mai cin batir shida ɗin nan, ina goge mata ƙura. Na murɗa ta zuwa ɓangaren AM, ba abin da ke fitowa sai shuuu. Ƙaramin ɗana ya tambaye ni wai me ake kamawa a nan wajen. Tambayar ta tsaya mini a rai har na kwanta. Shi ya sa yau na ce bari in kawo mana labarin wata tashar AM guda ɗaya da nake ganin duk mai son rediyo ya kamata ya san ta. Sunanta Radio Veritas, tana kan 846 a birnin Manila na ƙasar Filifin, kuma mallakar cocin Katolika ce. An buɗe ta a watan Afrilun 1969, zamanin Kadinal Rufino Santos. Veritas da Latinanci gaskiya ke nan. Aikinta na yau da kullum shi ne addu'o'i da wa'azi da labarai. Amma a watan Fabrairun 1986 da muryar wannan tasha aka kira mutane suka fito kan titi, cikin kwana huɗu mulkin Ferdinand Marcos na shekara 20 ya faɗi. Ina son waɗanda suka san labarin su ƙara mana, waɗanda suke da ja kuma su ja.

Baba Yohanna Zonkwa: Malam Sani, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan Katolika ne, kuma wannan labari tun muna matasa fadanmu yake ba mu shi. Ƙari ɗaya zan yi a farko. Veritas gida biyu ne a rufi ɗaya. Akwai ta cikin gida a kan AM, wadda kake magana a kai, akwai kuma Radio Veritas Asia mai gajeren zango, wadda bishop-bishop na Asiya suka yi shawarar kafawa tun taronsu na 1958 don saƙo ya kai ƙasashe irin su Sin da Biyetnam. Jamusawa sun taimaka da kuɗi sosai. Fafaroma Paul na shida ya je gidan a 1970, Fafaroma John Paul na biyu ma ya yi wa mutanen Asiya jawabi daga can a 1981. Ta gajeren zangon ta daina watsawa ta iska a 2018, ta koma intanet. Ta AM ɗin kuwa tana nan da ranta.

Nura Ɗan Jami'a: Baba da Malam, ku yi mini afuwa, amma ina ganin ana kambama abin. Ta yaya gidan rediyo zai kifar da gwamnati? Soja ne suka juya wa Marcos baya, Amurka kuma ta janye hannunta. Rediyo dai sanarwa ya yi.

Malam Sani Tudun Wada: Nura, tambayarka a kan hanya take, amma bari mu koma baya kaɗan, domin wanda ya fara labarin daga 1986 ya shiga kasuwa ne bayan ta ci rabi.

A watan Satumban 1972 Marcos ya sa dokar soja. Aka rufe jaridu da gidajen rediyo da talabijin, aka kama 'yan adawa da 'yan jarida. Kafafen da suka dawo aiki mafi yawansu na hannun abokansa ne da 'yan barandansa. Veritas ta ci gaba da aiki saboda ana kallonta a matsayin tashar addini. Cikin waɗanda aka kama akwai Sanata Benigno Aquino, wanda ake kira Ninoy. Ya shafe fiye da shekara 7 a tsare, sannan a 1980 aka bar shi ya tafi Amurka aikin zuciya. Ranar 21 ga Agustan 1983 ya dawo gida. Sojoji suka shiga jirgin suka fito da shi, kafin ya taka ƙasa da kyau aka harbe shi a kai, a filin jirgin Manila, da rana tsaka. Gwamnati ta ce wani mutum ne mai suna Rolando Galman ya yi, shi ma an bindige shi nan take.

To a nan ne Veritas ta zama Veritas. Sauran kafafe suka yi ta kwana-kwana, suna jiran abin da fadar shugaban ƙasa za ta ce. Ita kuwa tana da wakilai a filin jirgin, ta faɗa wa mutane abin da ya faru. Ranar jana'iza, 31 ga Agusta, aka ɗauko gawar daga cocin Santo Domingo, tafiyar da ta ci fiye da awa 10 saboda cinkoson jama'a, mutum sama da miliyan ɗaya a kan hanya. Talabijin na gwamnati ya yi kamar ba a yi ba. Veritas ta bi gawar tun daga coci har makabarta, tana faɗa kai tsaye. Mutumin da ke kwance a asibiti, da direban da ke kan hanya, da matar da ke ƙauye, duk ta wannan tasha suka raka shi. Daga ranar mutanen Manila suka san inda za su murɗa in suna son jin abin da ke faruwa da gaske. Wannan amanar ce aka ci riba da ita bayan shekara biyu da rabi.

Hajiya Binta Malama: Allah Sarki. Kun tuna mini da wata malamarmu. A shekarun nan makarantun sakandare na Arewa cike suke da malaman Filifin da Indiyawa, waɗanda suka yi karatu a lokacin za su shaida. Ina aji huɗu a makarantar kwana ta 'yan mata, wata 'yar Filifin ke koya mana lissafi. Gajeriya ce, ba ta da faɗa, kullum da lema a hannu saboda rana. A wannan mako na Fabrairu an aike ni gidanta da littattafanmu da yamma. Na same ta zaune a dandamalin ƙofar kicin, ta kafa ƙaramar rediyo a kan gwiwa, ta ja eriyar har ƙarshe, carbinsu na rosari a hannu ɗaya. BBC take ji, don Veritas ba ta kawowa nan. Na yi sallama sau biyu ba ta ji ba. Da ta ɗago na ga idanunta sun yi ja. Ta ce mini ƙannenta biyu suna Manila, kuma ta tabbata sun fita, don ta san halinsu, in Kadinal ya kira ba za su zauna ba. Ta riƙe hannuna ta ce in yi musu addu'a irin tamu. Na yi kuwa, a sallar isha'i. Har yau in aka ambaci Filifin wannan dandamalin nake gani.

Mama Rifkatu: Hajiya, kin sa ni hawaye. Allah ya saka miki.

Malam Sani Tudun Wada: Amin. To bari in kawo mu kwanakin huɗu. Marcos ya kira zaɓen gaggawa da aka yi ranar 7 ga Fabrairun 1986, matar marigayi Ninoy, Corazon Aquino, ta tsaya takara da shi. Aka tafka maguɗi. Ranar 9 ga wata ma'aikatan kwamfuta kusan 30 na hukumar zaɓe suka tashi suka fice daga zauren tattara sakamako, suka ce abin da ake rubutawa a allo ba shi ne ke cikin na'urorinsu ba. Ƙungiyar sa ido ta NAMFREL tana nata lissafin, Veritas tana karanta wa jama'a. Taron bishop-bishop na ƙasar ya fitar da takarda ya yi tir da zaɓen. Duk da haka ranar 15 majalisa ta ce Marcos ne ya ci.

Ranar Asabar 22 ga wata da yamma, ministan tsaro Juan Ponce Enrile da mataimakin babban hafsan soja Janar Fidel Ramos suka kira 'yan jarida a barikin Aguinaldo suka ce sun raba gari da Marcos. Sojojin da ke tare da su 'yan ɗaruruwa ne kawai. Da babban hafsan sojan Marcos, Janar Fabian Ver, ya turo runduna a daren nan, da an gama da su kafin asuba. Wajen ƙarfe 9 na dare Kadinal Jaime Sin, babban bishop na Manila, ya yi magana ta Veritas. Ya roƙi jama'a su je su kewaye barikokin biyu, Aguinaldo da Crame, waɗanda ke fuskantar juna a kan babban titin EDSA, su kai wa sojojin abinci, su tsaya tsakaninsu da masu zuwa kashe su. Ƙanin marigayi Ninoy, Butz Aquino, shi ma ya yi kira ta tashar cewa a haɗu a Cubao a taka zuwa can. Kafin gari ya waye dubbai sun hallara, kafin Lahadi ta yi yamma an kai dubban ɗaruruwa.

Nura Ɗan Jami'a: Malam, ka ga kai ma ka faɗa. Soja ne suka fara ballewa.

Injiniya Garba (mai ritaya): Ɗana Nura, ni ba ɗan siyasa ba ne, shekara 31 na yi a ɗakin na'urar watsa shirye-shirye. Amma ga ma'auni mai sauƙi. In kana son sanin abin da mai mulki ke tsoro, duba abin da ya fara kai wa hari. Da asubar Lahadi 23 ga wata, kafin a tura tankoki EDSA, mutane ɗauke da makamai suka je Malolos a lardin Bulacan, sama da kilomita 40 arewa da Manila, suka farfasa babbar na'urar Veritas mai ƙarfin kilowat 50. Ba situdiyo suka je ba, inda masu magana suke. Wanda ya tura su ya san aikin. Situdiyo baki ne kawai, huhun yana can bayan gari.

Bari in yi muku bayanin abin da aka fasa, don matasa ba su taɓa gani ba. A tashar AM, dogon ƙarfen nan da kuke hangowa shi kansa ne eriya, ba wai an ɗora wani abu a samansa ba kamar na FM. Yana tsaye a kan wani abin tangaran da ya raba shi da ƙasa, in ka taɓa shi ana watsawa zai ƙona ka. Zangon 846 tsawonsa kusan mita 355 ne, kwatansa kuwa kusan mita 90, to irin wannan tsayin ake nema. A ƙarƙashin ƙasa kuma an binne wayoyin tagulla, bisa al'ada guda 120, sun bazu daga gindin ƙarfen kamar haƙarƙarin lema. Shi ya sa ake neman fadama ko ƙasa mai danshi, shi ya sa tashoshin AM na Manila da yawa suka kai na'urorinsu Bulacan, gefen ruwa. Cikin ɗakin kuma akwai manyan kwalaben bawul, wasu sun kai tulu, suna ɗaukar zafi, fanka na hura su dare da rana. Guduma ɗaya ta isa ta kashe kwalbar da za a yi watanni ana jiran a kawo irinta daga waje. Ni da na taɓa kwana ina lallaɓa irin wannan na'ura, in na tuna an shiga an rotsa ta da gangan, raina ɓaci yake.

Suka koma kan ƙaramar na'urar ko-ta-kwana, ita ma ba ta kai daren Lahadi ba ta mutu.

Abdu na Maraɗi: Injiniya, Allah ya ƙara basira. To da ta mutu fa, shi ke nan aka yi shiru?

Baba Yohanna Zonkwa: A'a ɗan'uwa, nan ne wurin da na fi so. Akwai wani fada ɗan Amurka na ƙungiyar Jesuit, James Reuter, wanda ya daɗe a Filifin yana aikin watsa labarai na coci. Shi ya nemo wata tashar AM, DZRJ, a kan 810, kusa da inda mutane suka saba samun Veritas. Aka kai wata mai gabatar da shiri, June Keithley, wadda jama'a suka riga suka san muryarta a Veritas. Wajen tsakar dare ta hau iska, ba ta faɗi inda take ba, ta kira tashar Radyo Bandido. Don mutane su gane ita ce, ta riƙa sa wata tsohuwar waƙar kamfen ta marigayi Shugaba Magsaysay da Veritas ta saba sawa a kwanakin. Situdiyon yana saman wani bene a unguwar Santa Mesa, ba nisa da Malacañang, fadar shugaban ƙasa. Mata masu zaman zuhudu suka zo suka zauna a kan matakalar benen suna addu'a, don duk sojan da zai hau sai ya tsallake su. 'Yan samari ne ke taya ta karɓar waya da saƙonni. Daga wannan ɗaki ake cewa tankoki sun taso ta hanya kaza, ana bukatar mutane a mahaɗa kaza, a kawo ruwa da burodi ƙofa kaza. Kowane gungu a titi akwai mai rediyo a kafaɗa, in an faɗa sai a motsa.

Tun kafin haka, da ranar Lahadin nan, sojojin ruwa da tankokinsu suka taho, jama'a suka tare su wajen Ortigas. Sistoci suka durƙusa a gaban tankoki da rosari, 'yan mata suna miƙa wa sojoji furanni. Tankokin suka tsaya, daga baya suka juya.

Ustaz Kabiru: Ina bin ku tun farko. Baba Yohanna, ina girmama abin da waɗannan mata suka yi, durƙusawa gaban tanka ba ƙaramar zuciya ba ce. Amma ina da magana biyu.

Ta farko, kada a ba da tarihin Marcos a manta da Musulmin kudu, mutanen Mindanao da Sulu da ake kira Moro. Tun 1968 aka yi kisan Jabidah, inda aka kashe matasan Musulmi da aka ɗauka aikin soja. A Fabrairun 1974 garin Jolo ya ƙone ƙurmus a yaƙin soja da ƙungiyar 'yan tawayen Moro, MNLF, ta Nur Misuari. An sa hannu a yarjejeniyar Tarabulus a 1976, ba a cika ta yadda aka rubuta ba. Su sun sha wuyar mulkin nan shekaru kafin mutanen Manila su fito titi, kuma ba su da wata tasha mai kilowat 50 a babban birni da za ta kai kukansu kunnen duniya. Wannan ba laifin Veritas ba ne, amma yana nuna cewa wanda ke da murya shi ake jin ciwonsa.

Ta biyu ita ce ta fi damuna. Shin daidai ne malamin addini ya hau rediyo ya ce wa mabiyansa su fita gaban bindiga? Ya yi kyau da abin ya ƙare lafiya. Da an buɗe wuta fa, jinin wa zai ɗauka? Ni ina tsoron ranar da za a ce kowane mai mumbari yana da tasharsa.

Mama Rifkatu: Ustaz, maganarka ta farko na karɓa hannu biyu, ban ma san labarin Jolo ba sai yau. Ta biyun kuwa ga yadda nake gani. Kadinal bai ce a ɗauki makami ba, bai ce a ƙona gidan kowa ba, bai ambaci wata ƙabila ko wani addini a matsayin abokin gaba ba. Cewa ya yi a je a hana 'yan ƙasa ɗaya kashe juna. In gobara ta tashi a unguwa, ladan ya yi shela a lasifikar masallaci a fito da bokiti, ai ba wanda zai ce ya wuce gona da iri. Shiru ma zaɓi ne, kuma da ya yi shiru a daren da an zubar da jini a barikin nan.

Ustaz Kabiru: Mama, misalinki ya shige ni. Sai dai mai shelar gobara kowa na ganin hayaƙin da idonsa. A siyasa kuwa, mai makirufo shi ke gaya maka akwai wuta. Ki tuna Ruwanda a 1994, tashar RTLM da ta rura wutar kisan kiyashi, ita ma mutane sun yarda da ita, ita ma tana faɗin a je wuri kaza, ga su can sun ɓuya. Kayan aikin iri ɗaya ne.

Nura Ɗan Jami'a: Kuma ko a Manilan ma an yi kuskure. Na karanta cewa da safiyar Litinin 24 ga wata Radyo Bandido ta sanar cewa Marcos ya gudu, mutane suka yi ta murna, sai ga shi ya fito a talabijin tashar Channel 4 yana cewa yana nan daram. Wannan ba labarin ƙarya ba ne?

Malam Sani Tudun Wada: Haka aka yi Nura, ba za a ɓoye ba. Labarin ya zo musu, suka faɗa ba su tabbatar ba, kuma ya iya jawo asarar rayuka da mutane sun watse sun bar barikin a buɗe. Kuskure ne babba a aikin jarida. Abin da ya biyo baya shi ne, ana cikin nuna Marcos ɗin sai hoton ya ɗauke, don sojojin da suka balle sun ƙwace Channel 4, ma'aikatan Veritas suka shiga suka ci gaba da aiki daga can. A safiyar nan kuma jirage masu saukar ungulu ƙarƙashin Kanar Antonio Sotelo, waɗanda aka zaci ruwan wuta za su yi, suka sauka a Crame suka bi bayan jama'a.

Ban ce rediyo kaɗai ya yi aikin ba. Ranar Talata 25 aka rantsar da Corazon Aquino a Club Filipino, Marcos ma ya yi tasa rantsuwar a fada, ya yi waya da Sanata Paul Laxalt na Amurka wanda ya ba shi shawarar ya sauka kawai, da dare jiragen Amurka suka kwashe shi da iyalinsa zuwa sansanin Clark, daga nan Guam, daga nan Hawai, inda ya rasu a 1989. Duk wannan gaskiya ne. Amma ka tambayi kanka, me ya sa Sotelo ya ƙi harbi, me ya sa Amurka ta sake shi bayan shekaru tana riƙe da shi? Saboda taron da ke titi. Wa ya tara su, wa ya riƙe su kwana huɗu ba su watse ba, ba su kuma rikiɗe sun zama 'yan tarzoma ba? Ustaz ya ce kayan aikin iri ɗaya ne da na Ruwanda, na yarda. Bambancin yana ga abin da tashar ta saba ciyar da masu sauraronta kafin ranar. Ɗaya ta yi watanni tana kiran maƙwabta kyankyasai, ɗaya ta yi shekaru tana faɗin abin da ya faru ko da gwamnati ba ta so.

Abdu na Maraɗi: Mu nan yankin ai mun san darajar gidan rediyo a wajen masu bindiga. Duk juyin mulkin da aka yi, a Yamai ko a Legas, gidan rediyo ake fara kamawa. Nzeogwu a Kaduna a 1966, Dimka a 1976, Orkar a 1990, duk ta rediyo aka ji su. Abin da ya ba ni mamaki a labarin Manila shi ne an juya abin. Maimakon soja ya hau rediyo ya ce kowa ya zauna a gida, farar hula ne suka hau suka ce kowa ya fito ya kare soja.

Barista Hauwa: Ƙarin haske kan tsoron da Ustaz ya nuna. A Najeriya dokar da ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a 1992 ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisin gidan rediyo ko talabijin. Shi ya sa abin da aka saba gani shi ne coci ko majalisin malami su sayi fili a tashar gwamnati ko ta 'yan kasuwa. Masu dokar sun duba irin rikice-rikicen da muka sha ne. Ni ina goyon bayan a yi hattara, amma ina ganin labarin nan yana tuna mana cewa in duk tashoshi suna hannun gwamnati da abokanta, ranar da ake bukatar wata murya dabam ba za a samu ba.

Baba Yohanna Zonkwa: Barista, gaskiya ne. A nan Afirka ta Yamma ma an yi mai irin sunan. Cocin Katolika a Laberiya tana da Radio Veritas a Monrobiya zamanin babban bishop Michael Francis, kuma Charles Taylor ya rufe ta a shekarar 2000 tare da Star Radio saboda labaran da take bayarwa. Ita an sake buɗe ta. Ta Manila kuwa an ba ta lambar yabo ta Ramon Magsaysay a 1986, kuma a 2003 UNESCO ta sa faifan shirye-shiryen kwanakin huɗun nan cikin kundin abubuwan tarihin duniya da ake adanawa. Murya ce kawai a kaset, amma an ajiye ta kamar yadda ake ajiye tsofaffin littattafai.

Nura Ɗan Jami'a: Na sassauta, amma ban sauka duka ba. A 2001 da aka sake taruwa a EDSA aka kori Shugaba Estrada, saƙon tes na waya ne ya tara mutane, ko da yake Kadinal Sin ya sake yin kira. Kuma a 2022 ɗan Marcos ɗin, Bongbong, ya ci zaɓe da ƙuri'u masu yawa, ana cewa Facebook da YouTube da TikTok sun taimaka wajen wanke sunan gidansu a idon matasan da ba su ga zamanin ba. Veritas tana nan a 846 lokacin. Me ya sa ba ta hana ba?

Hajiya Binta Malama: Ɗana, don a 1986 kunne ɗaya gari yake da shi. Yanzu kowa da tasharsa a aljihu, kuma kowa abin da ransa ke so ake zuba masa. Ina ganin haka a jikokina. Wannan tambaya taka ta fi ƙarfin rediyo, ta shafi abin da iyaye da makarantu suka gaya wa yara da abin da suka yi shiru a kai.

Ustaz Kabiru: A kan wannan ni da Hajiya bakinmu ɗaya. Batun malami da makirufo kuwa ina nan a kan bakana, sai dai na yarda Kadinal ɗin bai kira a zubar da jini ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abdu na Maraɗi: Injiniya, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Me ya sa lambar take 846, ba 850 ba? Kuma me ya sa da dare nake kama tashoshin nesa a AM, da rana su ɓace?

Injiniya Garba (mai ritaya): Malam Abdu, da can a kan 860 take. An yi yarjejeniya a Janeba a 1975 cewa tashoshin matsakaicin zango na Afirka da Turai da Asiya su bar tazarar kilohaz 9 tsakaninsu, aka fara aiki da ita a Nuwamban 1978, sai ta koma 846. Raba 846 da 9, za ka samu 94 cif. Raba 594 na Rediyon Kaduna da 9, za ka samu 66. Duk tsari ɗaya ne. Ƙasashen nahiyar Amurka su suka tsaya a kan tazarar 10.

Batun dare kuwa, akwai wani shimfiɗi a can sama da hasken rana ke haifarwa, wanda ke shanye zangon AM da rana, sai ka ji tashar da ke kusa kawai, wadda ke bin ƙasa ta iso ka. In rana ta faɗi shimfiɗin ya baje, sai zangon ya haura ya bugi na samansa ya dawo ƙasa a nesa, ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa kiran da aka yi ƙarfe 9 na dare ya wuce Manila ya shiga larduna.

Malam Sani, kada ka mayar da rediyon Baba cikin akwati. Sa mata sabon batir, ka fita tsakar gida bayan isha'i, nesa da caja da ƙwan lantarki irin na zamani don su ne ke kawo shuuu ɗin nan. Eriyar AM tana cikin akwatin, sandar baƙin ƙarfe ce da aka naɗe da waya, saboda haka ba jan eriyar waje za ka yi ba, rediyon kanta za ka riƙa juyawa a hankali har muryar ta fito. Ka ba yaron ya murɗa da hannunsa.

Malam Sani Tudun Wada: In sha Allahu yau da dare, Injiniya. Na aiki yaron ya sayo batir tun ɗazu.